Omara Portuondo: wa zai ce wa tsohuwa ya isa haka?

Ranar 2 ga watan Oktoba na 2024, a babban zauren kiɗa na Palau de la Música da ke birnin Barselona na ƙasar Sifaniya, aka rako wata tsohuwa mai shekara 93 bisa dandamali. Omara Portuondo ce, mawaƙiyar ƙasar Kuba, makaɗan Orquesta Failde kuma su ke mata kiɗa a daren. Wasa bai yi nisa ba gajiya ta bayyana a jikinta, ta rikice, ta kasa ci gaba, sai da aka tallafe ta aka fitar da ita a gaban ɗaruruwan mutanen da suka biya kuɗi don su ji muryarta. Ba a daɗe ba ɗanta Ariel Jiménez Portuondo, wanda ke riƙe da harkokinta, ya ba da sanarwa cewa ta sauka daga dandamali. Bayan ƴan kwanaki aka ƙara bayani: dogon wasa gaban jama'a ne ta bari, amma ɗaukar murya da gwajin waƙa a gida suna nan.

Hotunan daren sun yawata a salula, mutane suka yi ta gardama. Wasu suka ce cin amana ne, an mayar da tsohuwa saniyar tatsa, ana jan ta gari-gari alhali kamata ya yi tana gida cikin jikokinta. Wasu suka ce a ƙyale ta, waƙa ita ce numfashinta, ranar da aka karɓe mata makirfo ranar aka fara haƙa mata kabari. Ni ra'ayina shi ne, abin da ya kamata a raba Omara da shi tun shekarun baya shi ne hanya, wato jiragen sama da otel-otel da kwanan garin da ba ta sani ba. Waƙa kuwa tata ce har ranar da murya ta ƙi fita. Masu shirya rangadi ne suka ɗaure waƙa da tafiya da igiya ɗaya, har mutane suka ɗauka ba a samun ɗaya sai da ɗayar.

Na san wani zai ce, mene ne haɗin malamin lakwal a Maraɗi ko uwar ƴaƴa a Tawa da wata mawaƙiya ta tsibirin bayan teku? Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da suka ƙi ajiye sana'a ya san wannan gardamar, ko da bai taɓa jin sunan Kuba ba. Zan zo kan wannan. Bari mu fara sanin matar.

An haife ta a Habana ranar 29 ga Oktoba 1930. Mahaifinta, Bartolo Portuondo, baƙar fata ne ɗan wasan besbol. Mahaifiyarta ƴar gidan masu hali ce, jinin Sifaniyawa, ta bar gidansu ta aure shi a zamanin da danginta ke ganin irin wannan aure abin kunya ne. Omara da rawa ta fara, a gidan wasa na Tropicana, inda ƴar'uwarta Haydée ke aiki. Daga nan ta koma waƙa, ta yi suna a wani salo mai taushi da ƴan Kuba ke kira filin (ba filin ƙwallo ba, sunan salon ne kawai ya zo daidai da kalmarmu). A 1952 ta shiga ƙungiyar mata huɗu ta Cuarteto d'Aida, ƙarƙashin mai kiɗan piyano Aida Diestro, ta yi shekara 15 cikinta kafin ta tsaya da ƙafarta a 1967. Bayan juyin juya halin 1959 mawaƙa da yawa sun fice daga ƙasar. Celia Cruz ta fita a 1960, a Amurka ta rasu a 2003. Haydée ma Amurka ta zauna. Omara ta tsaya gida, kuma a shekarun 1970 ta yi waƙa da rangadi tare da Orquesta Aragón.

Wannan sunan na Aragón, dattawanmu da suka yi samartaka a birni ba baƙonsu ba ne. A shekarun 1960 da 1970, daga Dakar har Kinshasa, kiɗan Kuba shi ne kiɗan rawar ƴan boko, Yamai ma ba a bar ta baya ba. Kunnen Afirka ya gane shi da wuri, domin gangunan da ke ƙarƙashinsa bayi ne suka tsallaka da su teku daga ƙasar Yarbawa da Kwango. Gwamnatin Mali har ɗalibai ta tura Habana a 1964 su koyo kiɗa, su ne suka kafa Maravillas de Mali, cikinsu da Boncana Maïga ɗan Gao.

Kuma da ƴan Mali aka so a yi faifan da ya kai Omara duniya. A watan Maris na 1996, Nick Gold na kamfanin World Circuit da ke London da makaɗin gita Ba'amurke Ry Cooder suka shirya haɗa makaɗan Mali da na Kuba a ɗakin ɗaukar murya na EGREM a Habana. Matsalar takardun tafiya ta hana Djelimady Tounkara da Bassekou Kouyaté zuwa. Ga ɗaki an riga an kama, ga kayan aiki, babu baƙi. Sai Juan de Marcos González ya tattaro tsofaffin makaɗan garin, waɗanda wasunsu duniya ta manta da su. Ibrahim Ferrer ya riga ya bar waƙa, yana goge takalma don ya cika abin da fansho bai kai ba. Compay Segundo na neman shekara 90. Cikin kusan mako guda aka ɗauki faifan Buena Vista Social Club. Omara, mai shekara 65 a lokacin, ita kaɗai ce mace cikin mawaƙan, ta rera tsohuwar waƙar nan “Veinte años”. Faifan ya fito a 1997, ya ci kyautar Grammy, aka sayar da miliyoyi. Suka yi wasa a Carnegie Hall na New York a watan Yuli 1998, Bajamushe Wim Wenders ya fitar da fim a kansu a 1999. Haɗuwar Mali da Kuba kuwa sai a 2010 ta yiwu, da faifan AfroCubism.

A nan ne nake ganin tushen abin da ya faru daga baya. Kiɗan yana da daɗi, babu musu, amma abin da ya kama zuciyar Turawa har da tsufan makaɗan: furfura, tamoji, tsohuwar malafa, labarin mutumin da ya bar goge takalma ya hau dandamalin New York. Tun daga ranar tsufa ya shiga cikin hajar da ake sayarwa. Kuma hajar da darajarta ke ƙaruwa da yawan shekaru, ɗan kasuwa ba ya gaggawar sauke ta daga kanta. Compay Segundo ya rasu a 2003 yana da shekara 95, mai piyano Rubén González ya bi shi a shekarar, Ibrahim Ferrer ya rasu a watan Agusta 2005, ƴan kwanaki bayan ya dawo daga rangadin Turai. Kowane ɗaya ya tafi, nauyin sunan sai ya ƙara komawa kan waɗanda suka rage, musamman Omara.

Sai aka shiga ban kwana. A 2015 ƙungiyar Buena Vista ta fara rangadin da ta kira Adiós, wato sai wata rana, har suka yi wasa a fadar White House gaban Barack Obama a watan Oktoba na shekarar. Don adalci, wancan ban kwanan na ƙungiya ne, ba nata ita kaɗai ba. A 2019 aka shirya mata nata rangadin duniya, aka sa masa suna Último Beso, sumba ta ƙarshe. Tana da shekara 88. A 2022, tana da 91, aka sanar da wani mai suna Vida, ma'ana rayuwa, aka ce shi ne sallamarta da dandamalin ƙasashen waje. Ga shi kuma a ƙarshen 2024 tana Barselona. Ko baƙon da ya fi kowa son hira, in ya yi sallama sau uku a zaure bai fita ba, mai gida ya san akwai abin da ke riƙe shi, ko akwai wanda ke riƙe da rigarsa.

Yaya aka karɓe ta? Kamar sarauniya. Zaure ya cika, jama'a su miƙe tsaye tun kafin ta buɗe baki, wasu na share hawaye. A shekarun ƙarshe a zaune take waƙa bisa kujera, da ɗaurin kanta da aka san ta da shi. Makaɗa su ja kiɗa su ba ta hutu, in ta kai ga waƙar da kowa ya sani sai ƴan kallo su karɓe amshi su rera da ita. Masu goyon bayan rangadin da wannan suke kafa hujja: dubi yadda ake son ta, dubi yadda fuskarta ke haske in aka yi tafi, ta yaya za ka hana ta?

Mu malamai mun san iyakar tafi. Ranar bikin rufe lakwal, ɗan yaro na ajin farko ya fito zai karanta abin da ya haddace, ya kai tsakiya ya manta, ya tsaya yana kallon ƙasa. Iyaye su ɓarke da tafi, har ya fi na wanda ya karanta daidai. Tafin nan gaskiya ne, ƙauna ce tsantsa. Amma mushen da ya ɗauki tafin ya mayar da shi maki a takardar jarrabawa ya cuci yaron. Tafin da ake yi wa Omara godiya ce ta shekara 70 na waƙa, kuma ta cancanci fiye da haka. Sai dai bai faɗi komai ba game da yadda ta kwana daren jiya, ko yadda ƙafafunta suka kumbura cikin jirgi, ko ta san sunan garin da take ciki. Ɗan kallo sa'a ɗaya da rabi yake gani, a ƙarƙashin fitilu masu ɓoye gajiya. Sauran sa'o'i ashirin da biyu da rabi ba ya nan.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ƴan kallo ma suna da hannu. Da yawa cikin masu sayen tikitin rangadin ban kwana, abin da suke saye shi ne damar cewa gobe, “ai na gan ta da idona kafin ta tafi.” Masu talla sun san da haka, shi ya sa kalmar “ƙarshe” ba ta barin allon sanarwa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son taɓawa. Kuba na cikin matsi mai tsanani. Daga 2021 har zuwa lokacin wasan Barselona, mafi ƙarancin fansho a ƙasar peso 1,528 ne a wata, kuma a 2024 dala ɗaya ta Amurka ta haura peso 300 a kasuwar bayan fage. Ke nan a lokacin fanshon wata guda bai wuce dala biyar ba, kusan jika uku na sefa. A cikin watan Oktoban da Omara ta rikice a Barselona, wutar lantarki ta ɗauke a tsibirin gaba ɗaya. Ba ina nufin ita ke rayuwa da jika uku ba. Ina nufin makaɗin Kuba da ya samu rangadin Turai ya samu abin da zai riƙe gidansa da na iyayensa watanni, kuma sunan Omara a allo shi ke cika zauren da sunan matashi ba zai cika ba. Mai ganga, mai sarewa, mai gyaran sauti, mai ɗaukar kaya, kowa na da bakunan da ke jiran sa a gida. In tsohuwa ta ce ta gaji, tukwane da yawa ne za su sauka daga murhu, kuma ita ma ta san da haka.

Ba zan bi sahun masu zagin ɗanta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya kwana yana ba tsohuwa magani ya fi wanda ya ga bidiyon minti ɗaya a Facebook sanin halinta. Abin da zan ce bai shafi zuciyar kowa ba, ya shafi tsari ne. In mutum ɗaya ne ɗa, shi ne kuma mai shirya wasa, to ranar da za a yanke shawara mutum biyu ne ke gardama cikin ƙirji ɗaya. Ko waliyyi ne, idonsa zai fi saurin ganin ranakun da ta tashi da ƙarfi fiye da ranakun da ta tashi a ruɗe. Irin wannan shawara na buƙatar mutum na uku wanda ba ya da kaso cikin kuɗin tikiti, likita ne ko wani dattijon dangi, kuma a ba maganarsa nauyi.

To amma masu cewa a zaunar da ita gida kawai, su ma ban bi su ba. Suna lissafi da shekaru, shekaru kuwa ba ma'auni ba ne mai kyau. Papa Wemba shekararsa 66 lokacin da ya faɗi bisa dandamali a Abijan a watan Afrilu 2016. Miriam Makeba na da 76 ta rasu bayan wasa a Italiya a 2008. Compay Segundo kuwa ya haura 90 yana waƙa da sigarinsa a hannu, lafiya lau. Jiki magayi, kuma kowane jiki da nasa labarin. Sannan waɗannan masu tausayi ba su tambayi abin da zaman banza ke yi wa mutumin da ya yi shekara saba'in yana abu ɗaya ba. Wa a cikinmu bai ga abokin aiki da ya yi ritaya da ƙarfinsa ba, darektan da muryarsa ke tsayar da yara ɗari biyar a fili, bayan shekara biyu ka same shi bisa tabarma a ƙofar gida ya zama wani mutum dabam? Ba ciwo ne ya fara kama shi ba. Gari ne ke wayewa babu wanda ke jiran sa ko'ina.

Shi ya sa nake cewa a duba abin da ke cikin kalmar rangadi. Waƙa ita kanta, ga wadda ta saba, ba ta da nauyi sosai: a zaune take, makaɗa na tallafa mata, kalmomin sun zauna a kanta tun tana yarinya. Tafiyar ce dutse. Daga Habana zuwa Madrid awa tara ne ko fiye cikin jirgi. In ka sauka agogo ya yi gaba da awa shida, lokacin barci da lokacin shan magani duk sun hargitse. Gado baƙo, abinci baƙo, makewayi ba inda ƙafa ta saba ba. A fara wasa da dare, a gama a koma otel, da safe a ɗaure kaya a nufi wani gari mai wani harshe. Matashi ɗan shekara 30 ma yana jin wannan a jikinsa. Duk wanda ya taɓa ɗauko kakarsa daga ƙauye ya kawo ta Yamai ko Damagaram ganin likita ya san sauran: tsohuwar da ke da hankalinta garau a gida, dare na biyu a birni ta farka tana laluben ƙofar ɗakinta, tana kiran sunan wanda ya daɗe da rasuwa. A mayar da ita gida, bayan kwana uku ta dawo daidai. Sauyin wuri kaɗai yana ruɗa tsoho, likitoci sun san da wannan, mu ma mun sani.

Akwai wanda iyalinsa suka raba waƙa da tafiya, kuma ya dace a duba. Tony Bennett, mawaƙin Amurka, an gano yana da cutar mantuwa ta Alzheimer a 2016. A farkon 2021 iyalinsa suka fito suka faɗa wa duniya. A watan Agusta na shekarar, lokacin cikarsa 95, ya yi wasa dare biyu tare da Lady Gaga a Radio City Music Hall, cikin garinsu New York, inda zai gama ya koma ya kwana a gadonsa. Bayan nan aka soke sauran wasannin da aka shirya bisa shawarar likitoci, shi kuwa ya ci gaba da rera waƙa a gida tare da mai piyano. Ya rasu a 2023. Ba ina cewa ciwonsu ɗaya da Omara ba, abin da iyalinta suka ambata gajiya ce da rikicewa. Kuma na san Bennett a New York yake, inda kuɗin ke zuwa su same ka, ita kuwa a Habana take, inda sai ka fita ka nemo su. Duk da haka darasin na nan: an faɗa wa ƴan kallo gaskiya tun kafin su sayi tikiti, an gajarta tafiya, an sa rana ta ƙarshe, kuma ta zama ta ƙarshen.

Yanzu mu dawo gida. Akwai Inna da ta yi shekara arba'in tana tuyar ƙosai a bakin hanya, masu saye ba su yarda da hannun kowa ba sai nata. Akwai Baba da damina ba ta faɗuwa bai riga kowa zuwa gona ba. Akwai malamin allo da ido ya fara gazawa amma ƙwaƙwalwa na nan daram. A gidajenmu abu biyu na saba gani. Wani gidan a bar tsohuwa tana tashi tun asuba tana hura wuta, hayaƙi na cin idonta, domin cinikin ƙosan ne ke biyan kuɗin littattafan yara, kowa ya yi kamar bai gani ba, in an yi magana a ce “ai ita ke so.” Wani gidan kuma, musamman in ɗa ya samu aiki, a wayi gari a kwashe kasko da murhu a ce, “Inna, ki huta haka nan, kada mutane su ce mun kasa riƙe ki.” Ka lura da ƙarshen maganar: mutuncin ɗan ake karewa. A gida na farko da na biyu duka ba wanda ya zauna ya tambayi Inna wane ɓangare na aikin ne ke ba ta wuya, wane ne kuma ke sa ta ji tana raye.

In da an tambaye ta, wataƙila ta ce tashin asuba da ɗaukar itace da tsayuwa gaban wuta su ne suka fi ƙarfinta. Haɗa ƙullu, ɗanɗana gishiri, zama awa ɗaya tana gaisawa da masu sayen da ta san iyayensu, wannan kam a bar mata. Baba ma haka, a kai shi gona a amalanke ya zauna ƙarƙashin gawo ya nuna inda za a fara shuka, hauya kuwa ta koma hannun samari. Akwai sana'ar da ba ta karɓar wannan sassauci, direban da idonsa ya raunana dole ya sauka daga mota domin rayukan wasu na hannunsa. Amma yawancin ayyukan tsofaffinmu ana iya tsaga su biyu kamar goro.

Wuyar ita ce wa zai fara maganar, kuma yaushe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shawarar da aka nemi Omara ta yanke tana da shekara 93, kamata ya yi a ce an tattauna ta tun tana da 80, tana da cikakken ƙarfin cewa, “in kuka ga na kai wuri kaza, ku tsayar da ni, ko da na yi gardama.” In an jira sai ranar da mutum ya rikice, “ina so” ɗin da zai faɗa ba a san nawa ne nasa ba, nawa ne na sabo, nawa ne na tsoron kada ya kunyata masu dogara da shi. A wajenmu kuma kunya ta ƙara ɗaure abin. Ɗan fari ba ya iya duban tsabar idon mahaifinsa ya ce, “Baba, ka tsufa.” Amma al'ada ba ta bar mu haka ba, ta ba mu jikoki. Jika na iya ce wa kakansa cikin wasa abin da uba ba zai iya furtawa ba, tsoho ya yi dariya, ya zage shi, maganar kuma ta shiga. Akwai aminin ƙuruciya, akwai ƙanwar tsohuwa, akwai abokin wasa na dangi. Da su ake aika irin wannan saƙo, tun da sauran lokaci.

Akwai kuma wata hanyar girmama gwani wadda ba ta buƙatar a ɗora shi a mota. Marigayi Malam Maman Barka, wanda shi ma malamin lakwal ne kafin kiɗa ya ɗauke shi, da ya ji cewa biram, kayan kiɗan Buduma na tafkin Cadi, ya kusa ɓacewa, bai aika a kawo masa tsohon da ya rage yana kaɗa shi ba. Da tallafin UNESCO a 2002 ya tashi ya je ya sami Boukar Tar a inda yake, ya zauna gabansa ya koya. Daga baya Maman Barka, mai sauran ƙarfi, shi ya ɗauki biram ya kai shi Turai. Tsoho ya zauna, mai ƙafa ya yi tafiyar. Lakwal-lakwal ɗinmu ma za su iya yin haka da malaman da suka yi ritaya a unguwa: safiya ɗaya a mako, aji ɗaya, ko a tura sabon malami gidansu da littafin shirin darasi ya zauna su duba tare. Ba a ce su dawo su riƙe aji mai yara tamanin ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin Omara shi ne, an riga an gwada wannan hanyar da ita, kuma ta yi kyau. Faifanta mai suna Vida, wanda rangadin ya ɗauki sunansa, an yi aikinsa ne a zamanin korona, sa'ad da hanyoyi ke rufe, ita tana Habana. Gaby Moreno, mawaƙiya ƴar Guatemala wadda a haife Omara ta yi jika da ita, ita ta jagoranci aikin. Manyan mawaƙa irin su Rubén Blades na Panama, Susana Baca ta Peru da Natalia Lafourcade ta Meziko suka haɗa muryoyinsu da tata. Faifan ya fito a 2023, kuma a watan Nuwamba na shekarar ya ci kyautar Latin Grammy, tana da shekara 93, ƙari kan wadda ta samu a 2009 da faifan Gracias da lambar girmamawa ta 2019. A watan Maris 2025 kuma aka buɗe wasan kwaikwayo na Buena Vista Social Club a Broadway ta New York, wanda labarinsa ke zagaye da rayuwar Omara. Ƴan wasa biyu ke fitowa a matsayinta, ɗaya tana budurwa, ɗaya ta manyanta, kuma Natalie Venetia Belcon, mai fitowa a matsayin babbar, ta ci kyautar Tony a watan Yuni na shekarar.